Zan Koma Wata Ƙasa da Zama: In Tafi da Babur Ɗina ko In Sayar?

A Kebbi ƙetare iyaka ba baƙon abu ba ne. Mutumin Kamba yana cin kasuwar Gaya ta Nijar, na Lolo da Tsamiya suna da dangi a cikin Benin, matasan Argungu da Kangiwa kuma suna zuwa neman kuɗi har Yamai da Kwatano. To amma cin kasuwa daban, tattara kaya a koma da zama daban. Da zarar maganar ƙaura ta taso, babur ne ke fara tsaya wa mutum a rai, domin ga talaka shi ne babbar kadara bayan gona da gida. Ga tambayoyin da masu wannan niyya suka fi yi.

Malam, aiki ya kai ni Yamai, babur ɗina kuma lafiyarsa ƙalau. Me zai hana in hau abina in tafi?

Kafin komai, ɗan'uwa, ka tantance tsakaninka da kanka: cirani za ka ko zama? Doka ba ta ɗauke su ɗaya ba. Yarjejeniyar zirga-zirga da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan wata ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ba biza har kwana 90. Abin hawa na kai shi ma kwana 90 aka ba shi, na haya kuwa kwana 15, da sharaɗin a nuna lasisin tuƙi, takardar mallaka, inshora da takardar kwastan. Shi ya sa a bakin iyaka jami'an duwan, wato kwastan na can, kan yanka wa baƙon abin hawa takardar wucin gadi, wadda a can suke ce wa lesefase. Takarda ce ta baƙo. Idan wa'adinta ya cika, ko dai ka fitar da babur ɗin, ko ka sabunta, ko ka biya kuɗin duwan a yi masa rajista da lambar ƙasar.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Suna ganin tunda mutum yana wucewa ba biza, to kayansa ma haka. Sassaucin haraji na ECOWAS ya shafi kayan da aka samar a cikin yankin ne, baburanmu kuwa galibi daga Indiya da Sin suke. Biyan da aka yi wa kwastan na Najeriya a Legas bai sauke maka nauyin duwan na wata ƙasa ba.

Ga kuma Nijar ɗin da kake shirin zuwa: ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso tun 29 ga Janairu 2025. ECOWAS ta ce za ta ci gaba da mutunta fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, amma abin da jami'in Nijar zai nema daga gare ka, dokar ƙasarsa ce ke yanke shi. Saboda haka ka je ofishin duwan na Gaya da ƙafarka, ka tambayi kuɗin da za a caje ka a kan irin babur ɗinka da shekarunsa, kafin ka ɗaure kaya.

Ta yaya zan gane wanda ya fi riba, tafiya da shi ko sayarwa?

Ka samu takarda da biro. A gefe guda ka rubuta abin da dillali zai ba ka a nan, kuɗi hannu, ba farashin da kake buri ba, ka mayar da shi sefa, kuɗin Nijar da Benin, a farashin 'yan canji na ranar. A ɗaya gefen ka rubuta kuɗin babur irinsa, mai shekarunsa, mai cikakkun takardun can, a garin da za ka. Bambancin da ke tsakani shi ne abin da sayarwa za ta ci maka. Sai ka auna shi da kuɗin mota, duwan, rajista, lamba da inshora.

Canji ya sa wannan lissafi ya yi nauyi a 'yan shekarun nan. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta zube, daga wajen 460 a kan dala ɗaya a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024. Wanda ya sayar da babur a naira ya nufi ƙasar sefa, sau da yawa zai tarar kuɗin sun tsuke a hannunsa. Don haka ga maƙwabtan ƙasashe, babur sabo-sabo mai tsabtatattun takardu yakan cancanci a tafi da shi. Tsohon da ya fara shan baƙin mai, wanda aka sauke injinsa sau biyu, a ganina ba ya biyan wahalar. Za ka biya masa haraji da rajista, bayan wata uku kuma ya kwanta maka a wajen bakaniken da bai san ka ba.

Rasit kawai gare ni, kuma da sunan wanda ya fara saye. Ya wadatar?

Bai wadatar ba, kuma wannan ce matsalar da ta fi cin mutanenmu. Babur yakan wuce hannu uku ko huɗu, ana miƙa rasit ɗin farko a cikin leda kamar shi ne komai, babu wanda ya je ofishin lasisi ya sauya suna. A ƙauyenku inda kowa ya san ka, ba mai tambaya. A shingen jandarma, sunan da ke rasit ɗin ba naka ba ne, kai kuma baƙo ne, ba ka jin Faransanci sosai. Me kake so ya ɗauka?

Ka fara da babur ɗin kansa. Ka juya kansa gefe ɗaya, ka goge wuyan firam da tsumma, ka haska fitilar waya, ka karanta lambar shasi harafi bayan harafi. Ka tsuguna ka goge ƙasan injin ta gefen giya ka karanta lambar inji. Ka gwada su da abin da ke rubuce a takarda. Idan an taɓa canza inji ba a rubuta ba, ko walda ta cinye wani harafi, ko ka ga alamar an kankare wajen, to wannan babur ba na ƙetare iyaka ba ne, ko da halalinka ne.

Idan lambobin sun yi daidai, sai ka nemi wanda ya sayar maka ku rubuta takardar ciniki da shaidu, ka je ofishin lasisi a sauya suna, ka samu takardar mallaka da lamba da sunanka. Idan wata takarda ta ɓata, akwai takardar rantsuwa ta kotu da rahoton 'yan sanda. Kai ma kana buƙatar lasisin tuƙin babur, wato rukunin A, wanda yawancin masu hawa a nan ba su taɓa yi ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana bayar da lasisin ƙasa da ƙasa, kuma yana rage dogon turanci a ƙasashen Faransanci. Inshorar Najeriya ta yau da kullum ba ta bin ka waje. Akwai katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tsarinsa a Kwatano a 1982, yana biyan wanda ka buge a wata ƙasar. Ka sa kamfanin inshora ya tabbatar maka cewa katin yana aiki a ƙasar da ka nufa.

Abu ɗaya kuma da ba na takarda kaɗai ba: idan babur ɗin na biyan kaɗan-kaɗan ne kuma ba ka gama biya ba, ba naka ba ne tukuna. Fita da shi ƙasa ba da yardar mai shi a rubuce ba cin amana ne, kuma wanda ya tsaya maka shi za a kama.

Ai akwai hanyar daji, ba sai na bi ta kwastan ba. Kowa na bi.

Kada ka yi, don Allah. Babur a yankinmu ya zama abin hawan da jami'in tsaro ke fara zargi, saboda a kansa 'yan bindigar Zamfara ke kai hari, a kansa Lakurawa ke yawo a dazukan ƙananan hukumomin Arewa da Augie da kan iyakar Sakkwato. Harin da Lakurawa suka kai garin Mera a Nuwamban 2024 bai yi nisan da za a manta ba. Mutum shi kaɗai a ɓarauniyar hanya, da kaya ɗaure a baya, ba hatimin shiga a takardarsa, yana tsakanin haɗari biyu: 'yan ta'addan da ke son babur ɗin, da sojan da ba zai tsaya jin bayani ba. Ko ka tsira, babur ɗin da ya shiga ba ta ƙofa ba zai yi wuyar rajista, kuma duk ranar da duwan suka tare ka, suna da hurumin ƙwace shi.

Sannan ka binciki ko an ma yarda a hau babur a inda za ka. Nijar ta haramta zirga-zirgar babura a jihar Difa a 2015 saboda Boko Haram, ta kuma yi haka a sassan Tilaberi daga Janairun 2020. Mutanen Zamfara sun san ɗacin irin wannan doka tun matakan 2021. Ana ɗage ta, ana maido ta, wani lokacin cikin dare ɗaya. Iyakar ma haka take: an rufe ta a Agustan 2019, Kamba ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Gadar Gaya da Malanbil, wadda ta haɗa Nijar da Benin, ta shafe dogon lokaci a rufe tun daga wancan juyin mulki, har mutane suka koma loda babura a kwale-kwale. Ka kira wanda ke zaune a can a makon da za ka tashi, kada ka dogara da labarin bara.

Kabu-kabu nake son yi a can. Ba gara in je da jarina ba?

Babur mai lambar Najeriya da takardar baƙo ba a ba shi izinin ɗaukar fasinja a cikin gari ba. A Kwatano masu wannan sana'a suna da rajista da riga mai ruwan ɗorawa da lamba a baya, kuma tun Maris 2024 'yan sandan Benin suka tsananta kamen marasa hular kwano. Kowane gari yana da ƙungiyarsa da tasharsa. Shawarata ita ce ka fara zuwa kai kaɗai, ka karɓi babur ɗin wani kana kawo balas na wata ɗaya ko biyu, ka koyi unguwanni da farashi da 'yan kalmomin Zabarmanci ko Faransanci. Idan sana'ar ta karɓe ka, ka dawo ka ɗauki naka.

Kayan gyara da mai fa?

Boxer da Haojue da Honda ba sa rasa fulogi da zobe da sarƙa a manyan garuruwan Nijar da Benin. Idan naka baƙon samfuri ne, kowane ƙaramin gyara zai zama jiran saƙo daga gida. Mai kuma, zamanin da 'yan ruwa-ruwa ke sayar da fetur ɗin Najeriya da arha a kwalabe ya sauya tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023. Nijar ta rage farashin lita zuwa sefa 499 a Yulin 2024, amma a Maris 2025 an sha dogayen layuka a gidajen mai.

In hau shi ko in loda a mota?

Daga Gaya zuwa Yamai ta Doso kusan kilomita 300 ne. Ga mai iyali da kaya, mota ta fi. A tsiyaye man tanki, a cire madubai, a naɗe tankin da buhu, a ɗaure shi a tsaye, takardun kuma su kasance a aljihunka ba a ƙarƙashin kujerar babur ba. Ka ɗauki hoton kowacce a waya.

To idan Saudiyya ce ko Ingila ko Amurka?

Sayar. Daga Birnin Kebbi sai an kai shi tashar jirgin ruwa ta Legas, a yi masa akwati, a biya wakilin fito a nan da can, kuma kuɗin yakan zarce darajar ƙaramin babur. Ko ya isa, ba a gama ba. A Ingila sai ka sanar da hukumar haraji cikin kwana 14, a gwada shi a tabbatar ya cika ƙa'idar titinsu kafin a ba shi lamba. Akwai sassaucin haraji ga mai ƙaura, amma sai ka mallaki abin aƙalla wata 6, kuma ba za ka sayar ba sai bayan wata 12. Amurka ba ta karɓar abin hawan da bai cika ƙa'idojinta na kariya ba sai ya kai shekara 25. Baburan da ake haɗa wa kasuwarmu ba don waɗannan ƙa'idoji aka ƙera su ba.

Ko in bar wa ƙanena yana yin kabu-kabu, yana ba iyalina balas?

Idan iyalinka za su zauna a gida, ka tuna babur ɗin nan shi ke kai yara makaranta, shi ke kai mai naƙuda asibiti da dare, shi ke kai taki da man injin ban-ruwa fadama lokacin noman rani. Barinsa yakan fi sayarwa amfani. To amma babur ɗin haya yana tsufa da sauri, kuma na ga yadda maganar balas ke shiga tsakanin wa da ƙane. Ku zauna gaban Baba ko Kawu, a faɗi nawa ne a mako, wa zai karɓa, wa ke da juyen baƙin mai da taya, wa ke da babban gyara, me za a yi idan an sace ko an kama shi. A rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Idan kuwa ajiye shi za a yi ba hawa, a tsiyaye man kafireta, a cire batir, a ɗora shi kan babban jaki a ɗakin da ba ya yoyo, a riƙa tayar da shi lokaci-lokaci. Idan tafiyar za ta wuce shekara biyu kuma ba wanda zai kula da shi, ka sayar tun yana da daraja, ka sauya wa mai saye suna a ofishin lasisi kafin ka tashi, don kada a aikata wani laifi da babur ɗin da har yanzu sunanka ke kan takardarsa.