Dawowa Ghana don sauƙin rayuwa da kuɗin magani: tambayoyin da 'yan'uwanmu na waje ke yi

Da wuya ka sami gida a unguwannin Nima, Mamobi ko Sabon Zango na Accra da ba shi da mutum a Bronx, Landan ko Hambog. Da yawa cikin waɗanda suka tafi da ƙuruciyarsu yanzu furfura ta kama su, kuma maganar da ke bakinsu ita ce ta dawowa: haya ta yi tsada a can, kuɗin asibiti ya fi ƙarfin mutum, sanyi ya fara shiga ƙashi. Akwai kuma baƙaƙen fatar Amurka da ke tattaro kayansu su sauka a Accra da irin wannan lissafi. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Malam, da gaske ne zama a Accra ya fi New York ko Landan araha?

Ya danganta da irin kuɗin da ke shigo maka, da irin zaman da kake son yi. Wanda fanshonsa ke zuwa da dala ko fam, ya kuma yarda ya ci abin da 'yan gari ke ci, zai ga sauƙi sosai. Koko da ƙosai da safe, waakye da rana, tuwo da miyar ayoyo da dare, ya hau trotro, motar haya ta jama'a, in zai fita. Tela, mai aski, makanike, mai aikin gida, duk abin da hannun mutum ke yi a nan ba shi da tsada ga mai kuɗin waje.

Abin da jirgin ruwa ya sauke a Tema kuwa labarinsa daban. Mota da kayan gyaranta, firiji, kayan kanti, maganin da aka shigo da shi, kuɗinsu yakan kai na can ko ya wuce, domin an ɗora musu kuɗin dako da na kwastan. Wanda ya ce ba zai iya barci ba sai da na'urar sanyaya ɗaki zai ga yadda mitar kamfanin wuta na ECG ke lashe kuɗi, ga janareta saboda dumsor, wato ɗauke wuta, ga tankin ruwa saboda ranar da famfo ya ƙi zuwa.

Sai babban abin da mutane ke mantawa: sidi ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2022 dala ɗaya tana kusan sidi 6, zuwa Nuwamban shekarar ta haura 13, a Disamba kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Masu dala suka yi ta murna a lokacin. A 2025 abin ya juya: cikin 'yan makonni dala ta sauko daga wajen sidi 15 zuwa kusan 10. Mai karɓar dala 1,000 a wata ya ga sidi 15,000 ɗinsa ya koma kusan 10,000, kayan kasuwa kuma ba su sauko daidai da haka ba. Saboda haka, Alhaji, kada ka yi lissafinka da canjin ranar da ka duba waya. Yi shi da mafi munin canjin da za ka iya ɗauka.

Haya fa?

A nan ne kuɗin mai dawowa ke fara zubewa. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata shida gaba, amma kowa a Accra ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema, kuma in ka tsaya karanta wa mai gida doka, na bayanka ya riga ya ƙirga kuɗi. A East Legon, Cantonments, Labone da Airport Residential da dala ake faɗin farashi, duk da Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗi cewa haramun ne a sa wa kaya farashi da kuɗin waje ba tare da izini ba. Gida a waɗannan unguwanni ba ya nuna wa kowa araha. Sauƙin yana Madina, Adenta, Kasoa da makamantansu, sai dai abin da ka rage a haya za ka biya shi da zaman cunkoson hanya.

Ni a ganina akwai wata magana da ya kamata masu dawowa su ji ko ba daɗi. Duk lokacin da mai dala ya biya abin da aka faɗa ba tare da tayi ba, washegari mai gidan da ke maƙwabtaka ya ƙara wa malamin makaranta da ke haya a wurinsa. Arahar da wani ya zo nema, wani ne ke ɗaukar nauyinta.

Na ji ana cewa magani kyauta ne in kana da katin NHIS. Haka ne?

Ba haka ba ne, amma katin yana da amfani ƙwarai. An kafa NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, a 2003, zamanin Shugaba Kufuor, don ta maye gurbin tsarin da sai ka biya kafin a taɓa ka, aka kuma sabunta dokarta a 2012. Kuɗinta na fitowa ne mafi yawa daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ke kan kayayyaki, da wani kaso na gudummawar ma'aikata ta asusun fansho na SSNIT. Doka ta ce kowane mazaunin Ghana ya shiga. Abin da ake biya a shekara kaɗan ne, an kuma ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 18, mata masu ciki da tsofaffi daga shekara 70 kuɗin shekarar. Sabunta katin ma a waya ake yi, a danna *929# a biya da MoMo, wato kuɗin waya.

Katin yana ɗaukar cututtukan yau da kullum: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, hawan jini, ciwon suga, haihuwa har da ta tiyata, da magungunan da ke cikin jerin hukumar inshorar. Wanda ya saba ganin takardar kuɗin asibitin Amurka zai yi mamakin ƙanƙantar abin da ake nema a Asibitin Mamobi.

Matsalar tana wuri biyu. Na farko, sau da yawa likita zai rubuta magani a ce babu a kantin asibiti, ko a tura ka ɗakin gwaji na waje, ka biya daga aljihu. Na biyu ya fi nauyi: cututtukan da tsufa ke kawowa, waɗanda suka fi cin kuɗi, su ne tun asali aka cire daga inshorar. Wankin ƙoda ga mai ciwon ƙoda na dindindin, yawancin ciwon daji in ban da na mama da na bakin mahaifa, tiyatar zuciya da ta ƙwaƙwalwa in ba hatsari ne ya jawo ba, dashen sassan jiki, da fita waje neman magani. Saboda wannan giɓin ne gwamnatin Shugaba Mahama ta kafa asusun da ake kira MahamaCares a 2025, don tallafa wa masu irin waɗannan cututtuka. Sabon abu ne, kuma ba zan shawarci mai shekara 65 da ƙoda mai rauni ya rataya rayuwarsa a kansa kaɗai ba.

Likitoci ƙwararru akwai su. Asibitin Korle Bu na aiki tun 1923, a nan ne cibiyar tiyatar zuciya da Farfesa Frimpong-Boateng ya assasa take. Akwai Asibitin Soja na 37, akwai Ridge, akwai sabon asibitin jami'a a Legon, a Kumasi kuma Komfo Anokye. Abin da ke ƙaranci shi ne gado da saurin kai mara lafiya. Maganar "babu gado" sananniya ce a ƙasar nan har majalisa ta tattauna ta, motar asibiti kuma cunkoson Accra ba ya raga mata. Shi ya sa yawancin masu dawowa ke haɗa katin NHIS da inshora mai zaman kanta, su kuma ware wani kuɗi da ba a taɓawa sai ranar rashin lafiya.

Medicare ɗina zai biyo ni Ghana?

A'a. Medicare, inshorar da Amurka ke ba wanda ya kai shekara 65, ba ta biyan kuɗin magani a wajen ƙasar sai a wasu 'yan lokuta da ba su shafi mazaunin Accra ba. Nan sai mutum ya zaɓa. Ko ya ci gaba da biyan kuɗin sashen da ake kira Part B kowane wata alhali ba ya amfani da shi, don ranar da ciwo ya tilasta masa komawa, ko ya daina. In ya daina sannan daga baya ya so komawa, ana ƙara masa tarar kashi 10 cikin ɗari a kan kowace cikakkiyar shekara da ya yi ba ya ciki, tarar kuma tana bin sa muddin yana cikin tsarin.

Na Ingila ma su sani: NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin can, ta mazauna ƙasar ce. Fasfo kaɗai ba ya ba ka haƙƙin jinya kyauta a asibiti in ka tare a wata ƙasa.

To fansho fa, Malam? Shi ma zai tsaya?

Ɗan ƙasar Amurka yana iya karɓar kuɗin fanshonsa na gwamnati, wato Social Security, yana zaune a Ghana. Wanda bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba kuwa, ƙa'idar ita ce a dakatar da kuɗin bayan wata shida a waje, sai in ya shiga cikin waɗanda aka keɓe, don haka ya je ofishinsu ya tabbatar da matsayinsa kafin ya sayi tikiti. Tallafin SSI na marasa ƙarfi yana tsayawa in mutum ya yi kwana 30 a waje. Mai green card, takardar zaman dindindin a Amurka, kuma da ya wuce shekara a waje ba tare da izinin sake shiga ba, ana iya ɗauka ya saki zamansa. Ɗan Amurka, ko'ina yake a duniya, bai tsira daga cike takardar haraji ba.

Fanshon gwamnatin Birtaniya yana zuwa Ghana, amma a daskare. Ghana ba ta cikin ƙasashen da ake ƙara wa mazaunansu kuɗin kowace shekara, abin da ka fara karɓa shi za ka yi ta karɓa, komai tsadar da ta biyo baya.

Wanda ba ɗan Ghana ba ne, yaya zai zauna?

Ɗan ƙasar ECOWAS, kamar na Najeriya, yana shiga ba biza ya yi kwana 90, bayan haka sai takardar zama. Ɗan Ghana da ya karɓi wata ƙasa ba shi da damuwa, dokar 2000 ta yarda da riƙe ƙasa biyu. Ga jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka, dokar shige da fice ta 2000 ta tanadi haƙƙin zama na dindindin, kuma alaƙar ta daɗe: W.E.B. Du Bois, masani baƙar fatar Amurka, ya tare a Accra a 1961, a nan ya rasu a 1963. Shekarar Dawowa ta 2019, wadda gwamnatin Akufo-Addo ta shirya don cikar shekara 400 da saukar bayin Afirka a Virginia a 1619, ita ta buɗe ƙofar sosai, har aka ba mutum 126 takardar zama 'yan ƙasa a ƙarshen shekarar. Baƙon da ya zauna dole ya yi katin shaida na Ghana Card na baƙi, kusan komai yanzu da shi ake yi, daga banki har layin waya.

Ba gara in sayi fili in gina nawa ba?

Gara, in ka yi a hankali. Kundin tsarin mulki na 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili har abada, iyakarsa hayar shekara 50. Ko ga ɗan ƙasa, fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu ko uku ba baƙon labari ba ne a kewayen Accra, kuma duk da dokar filaye ta 2020 ta haramta 'yan daban tsaron fili, ba su ɓace ba. A bincika takardu a Hukumar Filaye kafin a ba da ko sidi ɗaya, a ɗauki lauya wanda ba na mai sayarwa ba. A Kumasi filaye na ƙarƙashin sarakuna ne, takarda kuma sai ta bi ta ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante. Tura wa ɗan'uwa kuɗi daga waje a ce ya yi gini, wannan kam ya raba zumunci da yawa a Zango.

Ni haifaffen nan ne, sauro zai dame ni?

Zai dame ka fiye da da. Juriyar da jiki ke samu ga zazzaɓin cizon sauro tana raguwa in mutum ya daɗe ba ya cikin sauro. A kwana cikin gidan sauro, in zazzaɓi ya zo a yi gwaji a ranar.

Accra ko Kumasi?

Kumasi ta fi sauƙin haya da abinci, kuma wanda danginsa ke Aboabo ko Asawase ba shi da dalilin wahalar da kansa a Accra. Amma manyan asibitoci sun fi yawa a Accra, jiragen ƙasashen waje ma nan suka fi sauka. Mai ciwon da ke buƙatar ganin ƙwararre kowane wata ya fara da tambayar inda likitansa yake, sannan ya nemi gida kusa.

Me kuma ya rage da ba a faɗa ba?

Dangi, Hajiya, ta fuska biyu. Abin da ya fi komai tsada ga tsoho a Amurka shi ne mai kula da shi, domin Medicare ba ta biyan zaman dogon lokaci a gidan tsofaffi. A Zango kuwa akwai jika mai ɗebo ruwan alwala, akwai maƙwabciya mai leƙowa da safe, masallaci na bakin ƙofa. Wannan ita ce arahar gaske, ta fi ta waakye da trotro.

Ɗaya fuskar ita ce wanda ya dawo daga waje, a idon jama'a, mai kuɗi ne, ko da fanshonsa bai taka kara ya karya ba. Suna, biki, sadakar uku da ta arba'in, kuɗin makarantar ɗan ƙani, takardar maganin gwaggo, gyaran rufin masallaci, ragon layya, duk ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. Lokacin da yake Bronx waya ce ke tsakaninsu, yana iya cewa sai ƙarshen wata. Yanzu mai buƙatar yana zaune a zaurensa. A rubuta wannan a cikin kasafin wata kamar yadda ake rubuta wuta da ruwa, a yanke masa adadi, mata da miji su amince a kai. Kafin a saki gidan haya na can kuma, a zo a yi wata uku ko huɗu a nan, har da lokacin damina, ana rubuta duk abin da aka kashe.