Waiwaye: Magungunan da ke tare ƙwayar cuta tun daga bakin ƙofa

Ƙwayar bairas ba ta iya hayayyafa sai ta kutsa cikin ƙwayar halittar wani abu mai rai, kamar ɗan Adam. Magungunan ƙanjamau na farko, irin su AZT na 1987, sai ta riga ta shiga suke far mata. A farkon shekarun 1990 ne masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka lura da wani abin mamaki: idan aka kwaikwayi ɗan guntun furotin ɗin gp41 da ke jikin HIV, ƙwayar da ke jawo ƙanjamau, guntun kan hana ta shiga.

Ga yadda abin yake. HIV kan cusa gp41 a fatar ƙwayar halitta, sannan furotin ɗin ya naɗe kansa, ya jawo fatar HIV da ta ƙwayar halittar har su haɗe. Guntun da aka ƙera, wanda ake kira feftaid, yakan riga shiga gurbin naɗewar ya maƙale. Wato da makaminta aka yaƙe ta.

Daga nan aka samu enfuvirtide, mai amino asid (tubalan ginin furotin) 36, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2003 da sunan Fuzeon. Ya taimaki waɗanda sauran magunguna suka daina yi musu aiki, amma da wahala. Ba a haɗiyarsa, domin ciki narkar da shi zai yi kamar nama. Allura ce a ƙarƙashin fata sau biyu kullum, kuma kusan duk mai yin ta sai wurin ya kumbura ko ya yi ƙullutu. Ga tsada: da ya fito a 2003, kusan dala 20,000 ne a shekara.

A ganina, duk abin da ya biyo baya ƙoƙari ne na sa feftaid ya daɗe a jiki. Albuvirtide, da ƙasar Sin ta amince da shi a 2018, yana liƙewa da furotin ɗin albumin na jini, don haka sau ɗaya a mako ya isa.

Dabarar tare ƙwayar cuta a bakin ƙofa ta kuma kai ga ciwon hanta. A 2012 aka gano a Beijin cewa NTCP, wani furotin da ke fatar ƙwayoyin halittar hanta, ita ce ƙofar da ƙwayoyin ciwon hanta nau'in B da D ke bi. Bulevirtide, da aka faro a Jami'ar Heidelberg ta Jamus, ita yake toshewa, kuma Tarayyar Turai ta ba shi izini a 2020 don nau'in D. Shi ma allura ce, sau ɗaya a rana.