"Ya tsallake karatu na biyu": me aka karanta, me kuma ya tsallake?

Tun da aka kai ƙudirorin gyaran haraji guda huɗu gaban Majalisar Tarayya a watan Oktoba na 2024, maganar "karatu na biyu" ta zauna a bakin kowa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake fassara ta a rediyo da Facebook. Ranar 28 ga Nuwamba na wannan shekarar ƙudirorin suka tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, kafin gari ya waye har an fara cewa "majalisa ta amince da dokar haraji". Masu goyon baya na murna, masu adawa na tsinuwa, alhali ko layi ɗaya bai zama doka ba tukuna. Sai ranar 26 ga Yuni na 2025 shugaban ƙasa ya sa hannu, kuma a tsakanin nan an cire ƙarin harajin VAT da aka so yi, aka bar shi a kashi 7.5 cikin ɗari, aka kuma sake tsarin rabon kuɗinsa da gwamnonin Arewa suka yi ta kuka a kai.

Karatu na biyu yarda ce da manufar ƙudiri a dunƙule, cewa ya cancanci a zauna a yi masa aiki. An karɓi kuɗin na-gani-ina-so ke nan, ba a yanka sadaki ba.

Daga majalisar Ingila muka gaji kalmar, kuma a can karatu ne na gaske. A zamanin da ba a buga wa kowane ɗan majalisa kwafinsa, akawu ne ke miƙewa ya karanta ƙudirin da ƙarfi, sau uku, galibi a ranaku dabam-dabam, don kada a kammala abu cikin gaggawa wasu ba su ji ba. Yau take kawai ake karantawa, sunan ne ya rage. Amma wanda ke son ya ga inda ainihin aikin yake, ya dubi yadda suka yi dokar harajin gonaki da gidaje a zaman majalisa na 1692 zuwa 1693.

A lokacin Sarki William na Uku yana yaƙi da Sarki Louis na Sha Huɗu na Faransa, yaƙin da ya ɗauki shekara tara, daga 1688 zuwa 1697. Ga soja a Flanders, wani yanki na ƙasar Beljiyam ta yau, ga jiragen ruwa, kowa na jiran albashi, sarki kuwa ba shi da ikon ɗora wa kowa ko kwabo sai da yardar majalisa, domin dokar 'yanci ta 1689 ta haramta masa. To kafin ma a rubuta ƙudiri, Majalisar Talakawa, wato majalisar zaɓaɓɓun wakilai, kan rikiɗe ta zama kwamiti. Kakaki ya sauka daga kujerarsa, a ɗauke sandar majalisa daga kan tebur a sa ta a ƙarƙashi, wani ɗan majalisa ya ja zaman. Hikimar ita ce a zaman majalisa na yau da kullum sau ɗaya mutum ke magana a kan batu, a kwamiti kuwa yana iya miƙewa sau nawa ya ga dama. Maganar kuɗi ciniki ce, ba a yin ta da jawabi guda. A kwamiti ɗaya a yanke nawa za a ba sarki, a wani kwamitin a yanke daga aljihun wa za a ciro. Nan suka tsaya a kan sule huɗu a kowace fam ta kuɗin da gona ko gida ke kawowa a shekara. Fam sule ashirin ce, wato ɗaya bisa biyar ke nan, kuma na shekara guda kacal, don dole sarki ya sake kiran su baɗi.

Wani abu da ke burge ni a al'adarsu: ƙudiri kan zo karatu na farko da na biyu da gurabe a cikinsa. Inda za a sa adadi, ko ranar biya, ko yawan tara, sai a bar wurin fayau, a cike shi a kwamiti. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa wanda ya ce "na yarda" a karatu na biyu bai yarda da wani adadi ba. A matakin kwamiti ake bin sashe-sashe, a soke, a ƙara, a yi ta ja-in-ja a kan sunayen kwamishinonin da za su kula da ƙiyasta dukiya a kowane lardi, waɗanda ake jera su da sunansu a cikin dokar kanta. Manyan masu gonaki ne na yankin, wato masu biya su ne masu ƙiyasi. Dokar ta kuma ninka harajin a kan 'yan Katolika da suka ƙi yin rantsuwar biyayya, wanda a ganina zalunci ne tsagwaronsa, kuma irin sashen da ba ya fitowa a muhawarar manufa, sai an shiga cikin layukan.

Bayan kwamiti ya kawo rahoto an karɓi gyare-gyaren, sai a kwafe ƙudirin da hannu a kan jemammiyar fata, a ɗinke fatun a naɗe. Daga nan gyara ya yi wuya. In wani ya zo da sabon sashe a karatu na uku, sai a rubuta shi a ƙyallen fata dabam, a karanta shi sau uku shi ma, sannan a ɗinka a jikin naɗin. Sai a 1849 aka daina wannan aka koma bugawa.

Aka kai ƙudirin gaban Majalisar Masu Sarauta, ɗaya ɓangaren majalisar Ingila, nan rigima ta tashi. Suka ƙara sashe cewa su dai 'yan'uwansu masu sarauta ne za su ƙiyasta dukiyarsu, ba kwamishinonin da Majalisar Talakawa ta naɗa ba. Ba su taɓa adadin ba, ba su ce ba za su biya ba. Duk da haka Majalisar Talakawa ta yi watsi da gyaran, domin tun 1671, ta kuma nanata a 1678, ta tsaya a kan cewa ƙudirin kuɗi nata ne, masu sarauta su karɓa gaba ɗaya ko su ƙi gaba ɗaya, amma ba su da hurumin sauya ko harafi. Masu sarautan suka ga lokacin fita yaƙi na ƙaratowa baitulmali ba komai, suka janye, tare da cewa larura ce ta sa su, ba don sun sallama haƙƙinsu ba. A watan Janairu na 1693 sarki ya amince. A nan ma ake samun wani ruɗanin, domin mu ba mu gaji wannan ɓangaren ba. A tsarin mulkin Najeriya na 1999 Majalisar Dattawa na da cikakken ikon gyara ƙudirin haraji, in sun saɓa da Majalisar Wakilai sai kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita.

Wancan harajin na Ingila ya tara kusan fam miliyan biyu a shekarar farko, daga nan ya soma raguwa, saboda maƙwabci ba ya son ya tsananta wa maƙwabci wajen ƙiyasi. Zuwa 1698 sai majalisa ta yanke wa kowane lardi kason da zai kawo, bisa ƙiyasin nan na farko. Lardunan arewa da yamma da suka ƙiyasta kansu da rahusa suka ci gaba da biyan kaɗan, Landan da kewayenta suka ci gaba da ɗaukar nauyi, kuma ba a sake ƙiyasin ba har Firaminista William Pitt ya mayar da harajin na dindindin a 1798, a kan wannan tsohon kaso.