Likita ya ce a fara shirin wankin ƙoda: tambayoyin da ke hana majiyyaci barci

Ranar da likita ya dubi takardar gwaji ya ce ƙoda ta yi rauni sosai, ya kamata a fara shirin wanki, yawancin mutane ba sa jin abin da ya faɗa bayan nan. Sai an koma gida tambayoyi suke tasowa, alhali a lokacin ba likita a kusa, sai 'yan dubiya, kowa da labarin da ya ji da maganin da ya sani. Ga tambayoyin da aka fi yi.

An ce ina mataki na huɗu, amma ina fitsari, ina zuwa kasuwa. Anya ba kuskure ba ne?

Da wuya. Ƙoda tana da haƙuri, takan rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum bai ji komai ba. Ana gane halin da take ciki ne daga gwajin jini, inda ake auna sinadarin kiriyatinin a fitar da lambar da ake kira eGFR. Mai lafiya lambarsa takan kai 90 ko fiye. Daga 15 zuwa 29 shi ne mataki na huɗu, ƙasa da 15 kuma mataki na biyar. Fitsari ba hujja ba ne, domin ƙoda tana iya fitar da ruwa ta bar dattin a cikin jini. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen jawo wannan lalacewa, kuma dukansu suna ɓarna ne shiru.

Lambar kaɗai ba ita ke sa a fara wanki ba. Likita yana duba jiki: tashin zuciya da amai, ƙin abinci, ƙaiƙayi, kumburin ƙafa da fuska, numfashi sama-sama idan an kwanta, da hauhawar sinadarin fotasiyam a jini. Akwai mai kwashe shekaru a mataki na huɗu idan ya riƙe hawan jininsa da sugansa da kyau.

Mutane na cewa duk wanda aka fara yi wa wankin ƙoda ya kama hanyar kabari. Gaskiya ne?

Wannan magana ta cutar da mutane da yawa, kuma na san inda ta samo asali. A wurinmu ba a cika kai majiyyaci wanki ba sai ya galabaita: huhu ya cika da ruwa, jini ya ƙare, hankali ya fara gushewa. Sai a yi masa wanki ɗaya ko biyu cikin gaggawa, kuɗi ya ƙare, a koma gida, bayan makonni ya rasu. Dangi su ce injin ne ya ƙarasa shi. Ba injin ba ne. Jinkiri ne da kuma yankewar wankin. Shi kuwa maƙwabcin da ya ga haka, idan tasa ta zo sai ya ƙi zuwa da wuri, shi ma a kai shi ranga-ranga, maganar ta ƙara samun gindin zama.

Ba zan ɓoye ba, wanki ba ya mayar da mutum yadda yake a da, kuma rayuwa a kansa tana da nauyi. Amma wanda ya shiga da shiri, yana samun wankin a kai a kai, yana iya yin shekaru masu yawa yana sana'arsa, yana aurar da 'ya'yansa. Rai na hannun Allah, neman magani kuma umarni ne.

Yaya ake yin sa? Da zafi?

Ba ƙodar ake cirowa a wanke ba, kamar yadda sunan yake sa wasu zato. Jini ake wankewa. Yana fita ta wani siririn bututu, ya ratsa matata a jikin inji, a cire datti da ruwan da ya yi yawa, ya dawo jiki. Zama ɗaya yakan ɗauki kamar awa 4, kuma ƙa'ida sau 3 ne a mako. Zafin da ake ji na huda allura ne. Wasu sukan ji jiri, ko ɗaurewar jijiyar ƙafa, ko gajiya bayan an gama, musamman idan ruwan da aka cire yana da yawa. Akwai wani nau'in da ake yi a gida ta hanyar zuba ruwan magani a cikin ciki, sai dai bai yaɗu a Najeriya ba saboda tsada da wuyar samun ruwan.

Me ya sa likita ke son a yi mini aiki a hannu tun ban fara wankin ba?

Idan akwai abu ɗaya da nake so mai karatu ya riƙe, wannan ne. Inji yana buƙatar hanyar da jini zai riƙa gudu da ƙarfi. Hanya mafi aminci ita ce ɗan ƙaramin aikin da ake haɗa jijiyoyin jini biyu a hannu, wanda likitoci ke kira fistula. Kada sunan ya tsorata mata, ba shi da alaƙa da yoyon fitsari. Bayan aikin, jijiyar tana buƙatar kamar wata 2 zuwa 3 kafin ta yi ƙwarin da za a iya huda ta. Shi ya sa ba a jira sai ranar buƙata.

Wanda ya zo a makare, dole a sa masa roba a jijiyar wuya ko ta matsematsi. Robar tana ceton rai a lokacin gaggawa, amma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta su shiga jini kai tsaye, tana toshewa, ana sake ta, kowace sakewa kuma kuɗi ne. Da yawa daga cikin zazzaɓi da rawar sanyin da masu wanki ke fama da su daga robar suke.

Tun daga mataki na huɗu, ka tanadi hannun da ba ka aiki da shi, ga yawancinmu hagu ke nan. Kada ka bari a riƙa ɗibar jini ko sa ƙarin ruwa a jijiyoyinsa. Bayan an yi fistula, ba a auna hawan jini a wannan hannun, ba a kwanciya a kansa, ba a ɗaura masa agogo mai matsewa. Kullum da safe ka ɗora yatsa a wurin, za ka ji yana ɗan zirr. Ranar da ka ji shiru, asibiti a ranar. Wannan ne kuma lokacin yin rigakafin ciwon hanta nau'in B, kafin a fara hawa inji.

Idan an fara, ana dainawa?

Ya danganta. Ƙodar da ta tsaya farat ɗaya, saboda amai da gudawa, ko zubar jini wajen haihuwa, ko zazzaɓi mai tsanani, takan farfaɗo bayan 'yan wanki. Wadda ta daɗe tana lalacewa har ta tsuke ba ta dawowa. Mai irin wannan zai ci gaba da wanki, sai fa idan an yi masa dashe.

To kuɗin fa?

Nan ne gizo ke saƙar. Wanki uku a mako ya haura 150 a shekara, ban da allurar ƙara jini, gwaje-gwaje da kuɗin mota. Iyalai kan sayar da gona da fili a watannin farko, daga nan a koma sau ɗaya a mako, sannan sai ranar da numfashi ya gagara. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, jihar Yobe kuma, inda cutar ta addabi yankin Gashuwa, ta daɗe da tsarin wanki kyauta a asibitin koyarwa na Damaturu. Ka tambayi sashen jin ƙai na asibitinka abin da ke akwai. Shawarata ita ce dangi su zauna tun kafin a fara, a yi lissafin wata shida, a raba nauyin, maimakon a bar mutum ɗaya ya ɗauka har ya durƙushe. Kuma ka faɗa wa likita gaskiyar ƙarfinka. Idan sau biyu za ka iya, gara ya tsara maka abinci da magani a kan haka da ka riƙa ɓacewa.

Me zan ci, me zan sha?

Gishiri ne babban abokin gaba, tare da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, domin suna riƙe ruwa a jiki su tayar da hawan jini. Gishirin da ake tallata wa masu hawan jini ya fi haɗari, fotasiyam ne a cikinsa. Idan fotasiyam ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya ba tare da gargaɗi ba, kuma yana da yawa a ayaba, dabino, lemu, tumatir, dankali da ruwan kwakwa. Dankali da ganye, a yanka ƙanana, a tafasa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan. Baƙin lemon kwalba a bar shi. Amma kada tsoro ya sa a hana majiyyaci komai har ya rame. Wanda ya fara wanki yana buƙatar ƙwai, kifi da nama fiye da kafin ya fara.

Ruwa kuwa, ga wanda fitsarinsa ya ragu, yawanci ana ba shi kimar fitsarin da ya yi jiya a ƙara rabin lita, wato ledar ruwa ɗaya. Koko, kunu, shayi da romo duk suna cikin lissafin. A zafin watan Afrilu wannan jarrabawa ce ta gaske. Tsotsar 'yar ƙanƙara da kurkure baki suna rage ƙishi.

An kawo mini maganin gargajiya da aka ce yana wanke ƙoda. In gwada?

A'a. Na san da ƙauna aka kawo shi, amma ƙodar da ta rage kashi 15 cikin 100 ba ta da ƙarfin tace jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Haka magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da haɗin gajiya na kemis, da man bilicin. Addu'a ba ta karo da asibiti, a dage da ita.

Azumi fa?

Mai mataki na huɗu ko na biyar yana cikin waɗanda azumi ke iya cutarwa. Suratul Baƙara ta yi rangwame ga marar lafiya, kuma malamai sun yi bayanin ciyarwa ga wanda ba a sa ran warkewarsa. Ka ji ta bakin likitanka, sannan ka kai wa malaminka abin da ya ce.

Dashen ƙoda ya fi wanki?

Ga wanda jikinsa zai ɗauka, ya fi, ta fuskar lafiya da ta kuɗi idan an yi dogon lissafi. Ba sai an je Indiya ko Masar ba, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana yin dashe tun 2002. Mai bayarwa, idan gwaji ya tabbatar da lafiyarsa, yana rayuwa lafiya lau da ƙoda ɗaya, yana aiki, yana haihuwa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta kyautar gaɓa a 1988 ta hana sayarwa, dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ma ta haramta cinikin. Abin da ba a cika faɗa wa dangi ba shi ne bayan dashe akwai maganin da za a sha kullum har ƙarshen rai don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙodar. Wanda ya tara kuɗin aiki bai tanadi na maganin ba, yana iya rasa ƙodar da ɗan'uwansa ya ba shi. Mai burin dashe ya kuma guji yawan ƙarin jini idan allura za ta wadatar, domin ƙarin jini yana wahalar da samun ƙodar da za ta dace.

Mahaifinmu ya tsufa, ya ce ba ya son inji. Mu tilasta masa?

Ku fara tabbatar da cewa ba tsoron ɗora muku nauyi ne ya sa ya faɗi haka ba, domin iyaye sukan ɓoye wannan. Ku kai shi ɗakin wanki ya gani da idonsa, ya yi magana da waɗanda ke kai. Idan bayan haka yana kan bakansa, maganarsa abar girmamawa ce. Ga dattijo mai ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, wanki ba lallai ya ƙara masa kwanaki masu daɗi ba. Likita zai ci gaba da ganinsa, ya ba shi maganin kumburi, na tashin zuciya, na ƙaiƙayi da na ƙarancin jini, yana gida a tsakanin jikokinsa.