Makamashi mai sabuntuwa: me kalmar take nufi, kuma ta ina za a shigar wa ɗan makaranta ita?

Tambayi ɗan ƙaramar sakandare mene ne makamashi mai sabuntuwa, nan take zai jero maka: rana, iska, ruwa. Ya haddace tsaf, kuma zai ci maki a jarrabawa. Sai ka ƙara masa da cewa, to itacen da ake tuƙa tuwo da shi a gidanku fa, wane layi zai shiga? Nan za ka ga ya fara sosa ƙeya. Ba laifinsa ba ne. Jerin sunaye aka ba shi, ba a ba shi ma'aunin da zai auna abu da kansa ba.

Ita kalmar makamashi ba baƙuwa ba ce a Hausa. Tun kafin ta shiga bakin masu karanta labarai a rediyo, a gindin murhu take zaune: kara, ƙirare, itace, busasshen kashin shanu, duk abin da za a tura wa wuta ta kama. In uwar gida ta ce babu makamashi, kowa ya san girki ne ya tsaya. Da zamani ya zo da kananzir da fetur da gas da lantarki, sai kalmar ta buɗe ta ɗauke su duka, har ta zama sunan duk wani abu da ke ba da zafi, ko haske, ko ƙarfin motsa inji. Rabi na biyun, wato "mai sabuntuwa", shi ne sabo. Wasu na cewa makamashin da ake sabuntawa, wasu na cewa wanda ba ya ƙarewa. Ni na fi son "mai sabuntuwa", domin ba mu ne muke sabunta rana ba, ita ke fitowa da kanta kowace safiya. "Ba ya ƙarewa" kuwa akwai ruɗi a cikinsa, za mu zo kai.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar da yaro ita ce a kai shi wurin randa da rijiya. Randa komai girmanta, kowane moɗa ka ɗiba ta ragu, kuma ba za ta cika kanta ba. Rijiya mai ido kuwa ka ja guga da yamma, kafin asuba ruwa ya taru. Fetur da gas da kwal randa ne. Ragowar tsirrai da ƙananan halittu ne da ƙasa ta danne tsawon miliyoyin shekaru, don haka abin da muka ƙona yau ba zai dawo a zamanin jikokin jikokinmu ba. A Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, aka fara samun man fetur mai yawa a Najeriya a 1956, kuma tuni aka daina haƙo mai a wurin. Rana da iska da ruwan kogi su ne rijiya. Ma'anar ke nan a taƙaice: makamashin da yake dawowa da kansa, cikin lokacin da bai wuce saurin da muke cin sa ba.

Wani abu da ke ba yara mamaki shi ne kusan duk waɗannan rijiyoyi idonsu ɗaya. Rana ce ke dumama wani yanki fiye da wani, iska ta taso. Ita ce ke ɗaga tururi daga teku ya zama hadari, ruwa ya sauka ya cika kogin Kwara, ya taru a bayan madatsar Kainji, wadda aka buɗe a 1968, ya faɗo da ƙarfi ya juya injinan da ke ba da lantarki. Haka Shiroro a kan kogin Kaduna tun 1990. Wato yaron da ya taɓa karatu da wutar NEPA ya daɗe yana amfani da makamashi mai sabuntuwa, tun kafin ya ga farantin sola a kan rufin wani.

To mu koma kan itacen nan, domin a wurinsa ne ma'anar take nuna ƙashinta. A littafi, itace mai sabuntuwa ne, tunda bishiya na tsirowa. Amma rijiya ma in aka sa mata guga goma ba dare ba rana, sai a tarar da taɓo. Bishiyar da ta yi shekara talatin tana girma, mai gatari zai kayar da ita kafin azahar, mai gawayi ya turbuɗe ta, cikin 'yan kwanaki ta koma buhuna a bayan mota. In ana sara fiye da yadda ake tsirowa, sunan yana nan a takarda amma a daji an koma randa. Duk wanda ya girma a ƙauye zai iya gaya maka inda mata ke samo ƙirare a lokacin yarintarsa, da irin tafiyar da ake yi yanzu kafin a haɗa dami ɗaya. Shi ya sa na ce "ba ya ƙarewa" ruɗi ne.

Kuma ana iya juya lamarin. A yankin Maraɗi, cikin shekarun 1980, bayan fari ya yi ɓarna, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan kurmin da ake sharewa a gona duk shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturen bishiyoyi ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Manoma suka fara barin toho mafi ƙarfi, suna rage sauran, suna kare shi daga dabbobi. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. Shi kuwa gawo manomi ya san darajarsa: yana zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana, ga taki a gindinsa. Matan gidajen nan suna samun makamashi daga rassan da aka rage, bishiya kuma na tsaye. Itacen Maraɗi da itacen dajin da aka aske duk itace ne, amma ɗaya ne kawai ya cancanci a kira shi mai sabuntuwa. In yaro ya gane wannan, ya gane darasin gaba ɗaya.

Akwai kuma wata kalma da ake yawan cakuɗa ta da wannan, wato makamashi mai tsafta. Ba abu ɗaya ba ne. Mai tsafta ana nufin wanda ba ya fitar da hayaƙi da iskar kabon mai tara zafi a sararin sama, wadda ke jawo ɗumamar yanayi. Itace ko da ana dasa madadinsa, hayaƙinsa na cin idon mai girki da ƙirjin jaririn da ke goye a bayanta. Yuraniyom da ake haƙowa a Arlit ta Nijar kuwa tashar nukiliya ba ta hayaƙi in tana aiki da shi, amma ma'adini ne, randa ce. Ita kanta sola ba a wanke ta tas ba. Faranti na iya shekara ashirin ko fiye yana aiki, amma batirin dalma da akasarin gidaje ke haɗawa da shi 'yan shekaru yake yi ya mutu, kuma in aka fasa shi a bayan gida, dalma guba ce, ta fi yi wa ƙananan yara illa. Malamin da ya koyar da sola bai faɗi wannan ba ya bar rabin magana.

Yanzu ta yaya za a koyar? Na taɓa zama a bayan wani aji inda malamar ba ta fara da allo ba. Robar ruwa biyu ta kawo, ɗaya ta shafe ta da baƙin tukunya, ɗaya ta naɗe ta da farar takarda, ta sa yara suka ajiye su a tsakar rana tun ƙarfe tara. Da aka dawo daga tara, wato hutun cin abinci, kowa ya taɓa. Baƙar har ana janye hannu. Sannan ta fito da ɗan farantin da ta ciro daga matacciyar tocila mai sola, ta haɗa shi da ƙaramin injin motar wasa, aka liƙa masa farfelar kara. Da aka kai rana sai farfela ta hau juyi. Wani yaro ya sa tafin hannu ya yi wa farantin inuwa, ta tsaya cak. Ya janye, ta ci gaba. Ya yi haka ya fi sau biyar, ajin na ta ihu. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to da dare fa?" Malamar ta ce, "Yauwa 'yata, tambayar da nake jira ke nan," daga nan ta shiga maganar batir. Da ta fara da batir a allo, da babu wanda zai san dalilinsa.

Gwajin biyu kuma abu biyu suka nuna, kuma yana da kyau a raba wa yara su. Baƙar roba zafin rana ta kama, irin wanda muka gada wajen shanyar tumatir da kuɓewa da kilishi. Faranti kuwa haske yake mayarwa lantarki, ba zafi ba. Hasali ma in ya yi zafi da yawa ƙarfinsa raguwa yake. Wani Bafaranshe, Edmond Becquerel, shi ya fara gano cewa haske na iya haifar da lantarki a 1839, yana ɗan shekara 19, amma sai a 1954 aka ƙera irin farantin silikon da ake iya aiki da shi, a Amurka.

'Yan babbar sakandare kuwa lissafi ya kamata a ba su, don su daina ɗaukar sola kamar tsafi. Faranti mai wat 300, in ya samu awa biyar na rana mai ƙarfi, zai tara kimanin wat-awa 1,500, kafin a cire abin da ke zubewa a waya da batir da inbata. Ƙwan fitila mai wat 10 guda nawa zai riƙe daga magariba zuwa sha ɗaya? In aka jona dutsen guga mai wat 1,000 fa? Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa shi zai bayyana wa mahaifinsa dalilin da ya sa solar gidansu ke ɗaukewa ƙarfe tara, musamman yanzu da tsadar fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ta sa gidaje da shaguna da yawa suka jingine janareta. Daga nan sai a nuna musu manya: tashar sola ta Jami'ar Bayero a Kano, mai megawat 7.1 (megawat ɗaya wat miliyan ɗaya ne), da aka ƙaddamar a 2019, ko ta Malbaza a Nijar mai megawat 7, ko farfelolin iska na Lambar Rimi a Katsina da aka tsara su ba da megawat 10. Su kwatanta da Kainji mai megawat 760, su ga tazarar da idonsu.

Abin da ba na so shi ne a mayar da maganar muhalli biki. Ranar 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya, a sa yara su jera, babban baƙo ya dasa darbejiya, a ɗauki hoto, kafin wata ya zagayo akuya ta cinye ta. Gara kowane aji a ba shi bishiya uku kacal, da kewayen ƙaya, da sunan mai ban ruwa na kowane mako, a riƙa auna tsayinsu da zare duk ƙarshen zango ana rubutawa. In makarantar na da faranti a rufin rijiyar burtsatse, lokacin hunturu a bar shi mako guda da ƙurarsa, yara su ƙirga mintin da tanki ke ɗauka kafin ya cika, sannan babba ya hau ya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe, washegari su sake ƙirgawa.