Waiwaye: Kundin Voynich, damfara ce ko rubutun sirri?

Lokaci zuwa lokaci hotunan wani tsohon littafi kan zagayo wayoyin mutane a nan Maradi, ta WhatsApp ko Facebook, sai ka ji gardama ta kaure a fadar matasa wurin shan shayi. Wani ya ce littafin aljanu ne, wani ya ce tsagwaron damfarar Turawa ce. Littafin dai yana nan da gaske. Ana ce masa kundin Voynich, yana ajiye a ɗakin littattafai na Beinecke da ke jami'ar Yale a Amurka, da lamba MS 408, kuma har yau ba wanda ya karanta ko layi guda a cikinsa karatun da sauran masana suka gamsu da shi.

Ƙaramin littafi ne mai shafuka kusan 240, duka na fatar maraƙi. An rubuta shi daga hagu zuwa dama da haruffa ashirin da ƴan kai waɗanda ba a taɓa ganin irinsu a wani littafin ba. Kusan kowane shafi da zane: tsirrai da saiwoyinsu waɗanda masana tsirrai suka kasa gane akasarinsu, taurari da burujai, mata suna wanka cikin koren ruwa mai bi ta bututai, sai tuluna irin na masu haɗa magani. Duk wanda ya duba zai ce littafin magani ne, sai dai rubutun ya ƙi karantuwa.

Sunan ya samo asali ne daga Wilfrid Voynich, wani dillalin tsofaffin littattafai ɗan asalin Poland, wanda ya saye shi a 1912 daga hannun limaman Kirista na ɗariƙar Jesuit a kusa da birnin Rum. A cikin littafin ya tarar da wasiƙar da wani likitan birnin Firag (babban birnin ƙasar Czech a yau), Johannes Marcus Marci, ya aika wa masani Athanasius Kircher wajen 1665. Marci ya ce ya ji labari cewa Sarki Rudolf na Biyu, wanda fadarsa take a Firag, ya taɓa sayen kundin a kan tsabar zinariya 600, kuma ana kyautata zaton Roger Bacon, masanin Ingila na ƙarni na 13, shi ya rubuta shi. A lura, Marci ma ji ya yi a bakin wani. Amma Voynich ya riƙe wannan magana da hannu biyu, domin littafin da aka jingina ga Bacon kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Daga nan zargin farko ya taso, cewa dillalin ne da kansa ya ƙirƙiri abin don ya ci kasuwa. Wannan zargi yanzu ya mutu. An gano wasiƙar da wani mai suna Georg Baresch ya rubuta wa Kircher tun 1639 yana neman taimako kan littafi mai irin wannan siffa. Sannan a 2009 jami'ar Arizona ta yi wa fatar gwajin kabon, wanda ake auna shekarun abu da shi, sakamako ya nuna tsakanin 1404 da 1438, kuma binciken tawadar bai nuna wani abu da ya saɓa wa wancan zamani ba. Gwajin ya wanke Voynich, ya kuma fitar da Bacon daga magana, tunda ya rasu fiye da shekara ɗari kafin a yanka maruƙan. Bayan mutuwar Voynich a 1930 da ta matarsa a 1960, kundin ya faɗa hannun dillali Hans Kraus, wanda ya rasa mai saye, ya ba Yale kyauta a 1969.

Tambayar da ta rage ta fi wuya: su waɗanda suka zauna suka rubuta shi a ƙarni na 15, magana suke ɓoyewa, ko cika shafi kawai suke yi?

Masu warware rubutun sirri sun sha wahala a kai. A 1921 William Newbold na jami'ar Pennsylvania ya ce ya gano ƙananan alamomi a cikin kowane harafi. A 1931 John Manly ya nuna cewa waɗannan alamomi tsagewar tsohuwar tawada ce kawai. Sai William Friedman, wanda tawagarsa ta karya rubutun sirrin Japan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya tara abokan aikinsa suka yi shekaru a kai, ƙarshe ya karkata ga cewa wataƙila harshe ne da wani ya ƙago da kansa. Dabarar da ake fara gwadawa tsohuwa ce, al-Kindi ya bayyana ta a Bagadaza tun ƙarni na 9: a ƙidaya harafin da ya fi yawan fitowa, a kwatanta da harshen da ake zato. Rubutun sirrin Turai na zamanin kundin yawanci ba ya jure mata. Ko kundin Copiale na ƙarni na 18, da ya daɗe a rufe, an buɗe shi a 2011, ya fito da Jamusanci, ƙa'idojin wata ƙungiyar asiri. Na Voynich kuwa ko gezau.

Masu cewa ba ma'ana a ciki suna da hujjoji masu nauyi, kada a raina su. Kalma ɗaya kan maimaitu sau biyu ko uku a jere. Kalmomin da ke maƙwabtaka sukan bambanta da harafi ɗaya tak. Gyaran kuskure kuma ba shi da yawa, abin da ke da wuya ga mai kwafar magana ta gaske. A 2004 Gordon Rugg na Ingila ya nuna yadda za a iya samar da irin wannan rubutu da jadawalin gaɓoɓi da wani kati mai huji, ko da yake katin da ya dogara da shi sai wajen 1550 aka san shi, bayan zamanin fatar. A 2019 Torsten Timm da Andreas Schinner suka kawo abin da ya fi sauƙi: marubuci ya riƙa duba layukan da ya riga ya rubuta, yana kwafo kalma yana ɗan sauya ta. Da suka sa kwamfuta ta bi wannan hanya, ta fitar da rubutu mai kama da na kundin.

Ɗaya ɓangaren ma bai zo hannu rabbana ba. Yawan fitowar kalmomin yana bin tsarin da ake gani a harsunan mutane. A 2013 Marcelo Montemurro da Damián Zanette suka nuna cewa wasu kalmomi suna taruwa a sashen tsirrai, wasu a sashen taurari, yadda ake gani a littafi mai maudu'i. Tun 1976 Prescott Currier ya lura akwai salo biyu a rubutun, a 2020 kuma Lisa Fagin Davis, masaniyar tsofaffin rubuce-rubuce, ta bambance hannun marubuta biyar. Mutum biyar, fatun maruƙa fiye da goma, aikin watanni. Idan Sarki Rudolf aka so cuta da littafin, kamar yadda wasu suka yi zargi, an yi gaggawa ƙwarai, don bai hau mulki ba sai 1576.

A nan ne nake ganin mutumin ƙasar Hausa ya san wani abu da masu wannan gardama ba su cika ba shi muhimmanci ba. Duk wanda ya taɓa buɗe kundin wani malamin zaure bayan rasuwarsa ya ga shafukan hatimi, haruffa a madadin lambobi bisa hisabi, kalma guda an jera ta sau da dama, da gajerce-gajercen da mai su kaɗai ya san fassararsu. Ba wasa ba ne: Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafin irin waɗannan gidaje na lambobi. Malami kan rubuta rabi a takarda, ya bar rabi a bakinsa don almajirin da ya yarda da shi. Idan silsilar ta yanke, takardar na nan, mabuɗin ya tafi. Wannan ba hujja ba ce cewa kundin Voynich yana da ma'ana, domin mun kuma san masu cika takarda da zane don su burge mara lafiya su karɓi kuɗinsa, kuma hakan na iya faruwa a Turai ta wancan lokaci. Amma ya isa ya hana ni kiran abu damfara don kawai na kasa karanta shi. Ni na fi karkata ga cewa mutanen nan biyar sun san abin da suke yi. Abin da ke damuna kuma shi ne, yayin da ake ta kai-komo a kan wannan littafi guda, dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami suna ajiye a cibiyar binciken ilimin zamantakewar ɗan Adam (IRSH) ta Yamai, wasu kuma suna cikin gafakoki a gidajen Maradi da Tibiri, masu iya karanta hannun iyayensu suna ƙarewa.

Sanarwar "an warware" dai ba ta yankewa. A 2018 an yayata cewa kwamfuta a Kanada ta nuna Ibrananci ne. A 2019 Gerard Cheshire ya ce wani tsohon harshe ne dangin Latin, jami'ar Bristol ta yi shelar aikin, cikin ƴan kwanaki kuma ta janye jikinta bayan masana sun yi masa ca. Matsalarsu iri ɗaya ce: mai fassarar yakan ba kansa damar sauya harafi ko zaɓen ma'ana yadda ya ga dama. Abin da masana ke nema shi ne ƙa'ida a rubuce, wadda wani mutum daban zai ɗauka ya ɗora a shafin da mai ita bai taɓa ba, ya fito da jimloli masu nahawu da suka dace da zanen da ke wurin. Yale ta saka hotunan dukan shafukan a intanet kyauta, don haka ɗalibin lissafi a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na iya gwada kowace da'awa da kansa kafin ya tura wa wani.