Hazon Banish a Kan Kayan Katako Masu Fenti

Hazon banish wani fari-fari ne da ke fitowa a fuskar gado, wadirob ko teburi bayan an shafa banish, wato man sheƙi, na foliyuretan a kan fenti. Maimakon launi ya fito tas, sai a ga kamar an watsa ruwan nono ya bushe. Ya fi nunawa a kan baƙin fenti da ruwan ƙasa.

Shi foliyuretan, Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka samar da shi a Jamus a 1937. Wanda ake shafa wa katako iri biyu ne: mai mai, wanda ke komawa ruwan zuma in ya daɗe, da mai ruwa, wanda yake fari a gwangwani amma ya bushe garau.

Babban mai jawo hazo shi ne danshi. Idan saman banish ya bushe kafin laimar da ke ƙasa ta fita, sai ta maƙale ta yi fari. Shi ya sa a Kano abin ya fi damun kafintoci da damina, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi yawa. Katakon da aka ɗauko daga 'Yan Katako ta Na'ibawa bai gama bushewa ba, ko fentin da ya bushe a taɓawa amma cikinsa ɗanye, duk suna haifar da haka. Fentin ruwa na iya kai kwana 30 kafin ya ƙanƙare sosai. Nan ne gaggawar kayan amarya ke cutarwa: ranar jere ta matso, a yi fenti da safe, a bi da banish da yamma, a lulluɓe da leda. Wannan kuskure ne, domin ledar ma tana riƙe danshi.

Akwai wani dalilin da ake yawan mantawa. Banish marar ƙyalli yana ɗauke da garin silika, mai kashe ƙyalli, da ke kwanciya a gindin gwangwani. In ba a motsa ba, shafar ƙarshe sai ta zo da garin da yawa, ta dusashe. Da sanda ake juyawa a hankali. Girgizawa kumfa take kawowa. Da hunturu kuwa ƙura ce ke sauka a kan ɗanyen banish, hannu ya ji kaushi-kaushi.

Wajen gyara, a fara da haƙuri. A ajiye kayan a busasshen ɗaki mai iska na 'yan kwanaki, wani hazon da kansa yake tafiya. Farin zoben da kofin shayi ya bari kan ɓace da iska mai ɗumi ta na'urar busar da gashi, daga ɗan nesa.

In ya ƙi, sai samfefa. Foliyuretan da ya ƙanƙare ba ya narkewa da tina (ruwan tsinka fenti), don haka zuba masa ita ɓata fenti kawai zai yi. A goge da samfefa mai laushi, lamba 220 zuwa 320, hannu sakwa-sakwa, musamman a gefuna inda fenti ke saurin cinyewa. A share garin da tsumma mai tsabta, a yi shafa siririya, a bar ta ta bushe kafin ta biyu. Idan hazon yana can ƙasa, tsakanin fenti da banish, babu makawa sai an kankare duka an sake fenti.